Ɗaya ga Janairun Mushe Illo

Illo ya ci tuwon sunana. Ba ni na gani ba, tunda kwanana bakwai a duniya, amma uwata ta sha ba ni labarin har ta koma ga Ubangiji. Ya shigo gidanmu da ƙafafunsa, ko wando babu, ya tsoma hannu a ƙwaryar manya, aka daka masa tsawa, ya fita a guje da loma a hannu. Yaron da zai saci loma ya ruga ai ya kai shekara biyu, in ma bai fi ba. To yau in ka duba katin ɗan ƙasa na Mushe Illo, mai karɓar takardun sababbin ɗalibai a wata jami'a mai zaman kanta a nan Yamai, za ka tarar ni Daniyel na girme shi da shekara biyar. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi, ban taɓa cin karo da hanyar da ke kai mutum ga wannan amsa ba.

Ƙauyenmu yana gabas da Dogon Dutsi. A zamaninmu ba a rubuta ranar haihuwar kowa, sai dai a ce shekarar fara, ko daminar da rijiya ta rufta. Da aka zo ɗaukar ƴan lakwal, makarantar boko ke nan, sai mushe, wato malami, ya jera mu a gindin gawo, ya ce kowa ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. Wanda ya kamo ya isa shiga. Ni da ƙyar na taɓa tsinin kunnena. Illo kuwa hannunsa ya wuce kunnen har ya kusa haɓa. Duk da haka aka rubuta mu shekara ɗaya, da kalmomi biyu na Faransanci a gaba, né vers 1963, ma'ana an haife shi wajen shekarar 1963. Mu neber muke cewa. Tsararmu ƴan ƙauye kusan duk neber ne, kuma abin bai hana kowa zama likita ko alƙali ba.

A aji, Illo da lissafi ba sa ga maciji. Abin da Allah ya ba shi shi ne kyan rubutu da jan layi. Zai kwafi amsata daga gefe, in na yi kuskure ya kwafe har da kuskuren, sannan ya ɗauki regil, wato rula, ya ja masa jan layi biyu a ƙasa, tsaf, har mushe ya ɗaga kayensa, littafin rubutunsa ke nan, ya nuna mana yadda ake tsabta. Tun lokacin ya gane cewa a duniyar takarda kyan shara ya fi abin da ke cikin ɗaki, kuma a kan wannan ganewa ya gina rayuwarsa kaf.

Sau biyu ya zauna jarrabawar bak ta gama sakandare, sau biyu lissafi ya kayar da shi. Sai ya zama mai tsaron horo a wani kwaleji, yana tsaye a bakin ƙofa da agogo a hannu, yana rufe wa yaran da suka makara da minti ɗaya. Daga nan ya samu kujerar akawu a wata ma'aikata. A can ne ya haɗu da ƴan birni waɗanda aka haifa a asibiti, masu rana da wata har da ƙarfe nawa a takardarsu, suka riƙa tsokanarsa da ɗan neber. Mu in an tsokane mu dariya muke yi mu rama. Illo abin ya zame masa ƙaya a maƙogwaro. Wata shekara ya ɗauki hutu ya yi tafiya, ya dawo da sabon jujman, wato takardar kotu da ke zama a madadin takardar haihuwa ga wanda ba a rubuta shi ba tun farko. A ciki an ce an haifi Illo ranar sha huɗu ga Mayu, 1968. Shaidu biyu suka rantse, ɗayansu ɗan ƙanwarsa ne. Tsofaffin takardunsa kuma, in ji shi, ruwan sama ya cinye su.

Bisa wannan takarda, ya shiga lakwal yana da shekara biyu, ya kamo kunnensa bakinsa na warin nono. Ba wanda ya tsaya yin wannan lissafin, don wanda zai iya ba shi da lokaci, mai lokacin kuma bai iya ba. Ni na yi ritaya, shi yana nan daram. Kowace sha huɗu ga Mayu yakan sayo gato, wato kek, mai kyandir ya kai biro, ofishinsu ke nan, a taru a tafa masa, ya hura wuta da fuskar mutumin da ya tuna daren da uwarsa ta yi naƙuda.

Da wannan jami'a ta buɗe, ya bar ma'aikata ya koma can. Kwat yake sawa ko da bazara, lokacin da kwalta ke narkewa a titin Wadata. In ka yi masa Hausa a biro, da Faransanci yake amsa maka, ko da kuwa tare kuka yi kiwon awaki. Kalmar da ta fi zama a bakinsa ita ce egzak, wato daidai babu ragi babu ƙari, har ɗalibai suka mayar da ita sunansa a bayan idonsa. Ni kuwa duk lokacin da na kira shi Mushe, nakan bar wa Allah sanin wanne nake nufi, na lakwal ko na bakin juji.

A shekarar 2024 jami'ar ta buɗe sashen lissafi a aikace, irin lissafin da ake auna tashin kogi da shi, da yaɗuwar cuta, da yawan buhun da gona za ta bayar. Wata ƙungiya ta ɗauki nauyin ɗalibai talatin, karatu kyauta, ta hanyar jarrabawar gasa. Shugabar sashen, Dokta Mariyama, mace ce da nake ganin girmanta, ita ta rubuta bayanin irin ɗalibin da suke so. Na karanta shi sau uku, kuma na ji daɗinsa har cikin raina. Ga abin da ya ce in an mayar da shi Hausa:

"Muna neman ɗalibin da lissafi bai tsaya masa a kan allo ba. Wanda zai dubi kasuwa, ko gona, ko kogi da damina, ya hango tambayar da lamba za ta iya amsawa. Wanda ba ya gudun bayanin da bai cika ba, sai ya zauna ya fitar da abin da za a iya tabbatarwa daga cikinsa, ya kuma faɗi iyakar saninsa ba tare da jin kunya ba."

Illo ya sa aka yi wa bayanin nan firam na gilashi, ya rataye shi a bayan kujerarsa, daidai saman kansa. Ya haddace shi tsaf. Ya je rediyo ya karanta da Faransanci, da Hausa, da Zabarmanci, yana cewa "manufarmu," yana jan numfashi a inda ya dace kamar fasto ranar Ista. A ƙarƙashin firam ɗin kuma ya manna tasa takardar ta sharuɗɗa: hoto huɗu, aljihun takardu kore ba ruwan ɗorawa ba, kuma wanda aka haifa kafin ɗaya ga Janairun 2002 ba ya shiga. Wannan na shekaru daga masu ɗaukar nauyi ya zo, ban ga laifinsa ba. Na ƙarshen ne Illo ya ƙara da hannunsa, ya ja masa jan layi biyu: ba a karɓar takarda mai neber.

A ko'ina cikin garin nan, in neber ya zo gaban akawu kuma ordinata, wato kwamfuta, ta nemi rana da wata, sai a buga ɗaya ga Janairu a wuce. Kowa ya san ba gaskiya ba ce, kowa ya san ba ƙarya ba ce, cike gurbi ne. Illo ya ce shi bironsa ba kasuwa ba ne. Wanzami dama ba ya son jarfa.

Zinariya ɗalibata ce. Bayan ritaya nakan koyar da lissafi da la'asar a zauren ikilisiyarmu a Bukoki, ga waɗanda suka bar lakwal suke so su zauna bak da kansu, Kirista da Musulmi duk ɗaya. Ita ɗiyar Zeinabu ce, tela a Wadata, mutanen wajenmu. Ta bar lise, babbar sakandare, shekara uku lokacin da idon uwarta ya fara rauni, ta koma kan keken ɗinki. Rana ta farko da na san ba irin sauran ba ce, ta zo mini da kwali ta zana murabba'ai a kai. Shagonsu na ɗinka tufafin ƴan lakwal, kuma bandir ɗin da kowane tela a layinsu ke fitar da riga goma, ita ta gano yadda za a juya hannu da wuya a cusa su tsakanin gaba da baya har a fitar da sha ɗaya. Ba wannan ta zo nuna mini ba. Tambayarta ita ce, ta yaya za ta tabbatar cewa sha biyu ba za ta taɓa fita ba, don ta daina ɓata lokacin nema. Shekara talatin da huɗu ina jiran ɗalibin da zai yi mini irin wannan tambaya.

Shekara biyu ta yi a hannuna. Doka ɗaya na kafa mata, wadda nake kafa wa kowa amma ita kaɗai ta riƙe: kada ki rubuta amsar da ba za ki iya tsayawa a kanta ba. In ba ki sani ba, rubuta iyakar abin da kika sani. Ta ci bak ɗinta. Da ta ji Illo a rediyon shagonsu yana karanta bayanin nan, uwarta ta tsayar da keke ta ce, "Wanga mutum ya san ki ne?"

Ranar Litinin ta kai takardunta cikin koren aljihu, hoto huɗu, komai a jere. Ana rufe karɓa ranar Juma'a da ƙarfe sha biyu na rana. Illo ya buɗe, ya sa tsinin bik, alƙalaminsa, a kan layi ɗaya, ya rufe, ya turo mata. A takardarta an rubuta née vers 2002. A ƙauyen kakarta aka haife ta, sai da za a sa ta lakwal aka yi mata jujman. Ya ce neber 2002 na iya zama 2001, kuma in 2001 ce shekarunta sun wuce. Baɗi kuwa iyakar za ta koma 2003. Wato in ba ta shiga bana ba, ita da wannan sashe sai dai kallo daga titi.

Ta biyo ta gidana da maraice ta faɗa mini. Na fara zagin Illo, matata Priska tana ba ni haƙuri. Zinariya na zaune a kan tabarma tana ƙirga wani abu da yatsu. Can ta ce, "Mushe, Harouna a asibiti anka haihe shi."

Harouna wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi take bi. Shi a asibitin Dogon Dutsi aka haife shi, yana da takardar haihuwa ta gaske mai rana da wata: goma ga Yuni, 2001. Na gane inda ta nufa tun kafin ta ƙarasa, kuma na bar ta ta ƙarasa, don daɗin ji.

Ranar Laraba na raka ta. Illo na zaune ƙarƙashin firam ɗinsa, na'urar sanyi na hura masa ƙeya, sakatariyarsa na gefe tana buga ordinata. Ya gaishe ni da Faransanci kamar yau ya fara ganina. Zinariya ta ajiye takardu biyu a gabansa, tata da ta wanta, ta yi magana da Hausa a natse.

"Mushe, ban san ranar da anka haihe ni ba, kuma ba ni cewa na sani. Amma wanga wana ne, ga sunan uwarmu nan ga takardun duka biyu. Goma ga Yuni 2001 anka haihe shi. Mu ɗauka inna ta yi kwanikar da ba a taɓa yi ba, ta samu cikina ranar da ta haihu. Mu ƙara ɗauka ni bakwaini ce. Yuni da wata bakwai, goma ga Janairu 2002 ke nan. Ko ta ƙaƙa, ba a haihe ni kahin wagga rana ba. Doka ta ce ɗaya ga Janairu. Ina ciki da kwana tara, ko an so ko an ƙi."

Sakatariyar ta daina buga ordinata. Ni kuwa idona na kan firam ɗin da ke saman kansa, inda aka rubuta wanda ba ya gudun bayanin da bai cika ba. Da Dokta Mariyama ce a kujerar nan, da ta miƙe tsaye. Amma ta tafi taro wata ƙasa sai Litinin, kuma babu takardar da ke isa gaban malamai sai wadda Illo ya buga wa tambari.

Illo ya ɗaga takardar Harouna da yatsu biyu kamar ya ɗauko ƙyallen jariri.

"Madmazel," ya ce, "wa ya ce ke ce ƙanwa?"

Ta dube shi.

"Neber 2002 na iya zama 2000. In haka ne ke ce babba, shi ne ƙane. Ina takardar da ta ce ke kike bi mashi?"

"Mushe, uwarmu na da rai. Tana Wadata."

"Uwa ba takarda ba ce."

Na sha jin wauta a rayuwata, na koyar a azuzuwa masu yara tamanin, amma ban taɓa jin wadda aka faɗa da irin wannan gamsuwa ba. Har gyara wuyan kwat ya yi bayan ya faɗe ta. Na ce masa da Hausa, "Illo, karanta abin da ke bisa kanka." Ya ce ya fi ni saninsa, tunda shi ya kai shi rediyo, kuma manufa daban, sharaɗi daban. A nan muna son abu egzak.

Da muka fito ya biyo mu har baranda, ya rage murya, sai ga Hausar Dogon Dutsi ta dawo bakinsa garau, kamar ba ta taɓa tafiya ba.

"Daniyel, kai ma kamar ba ɗan ƙasa ba. A tahi a yi mata sabon jujman mana, a sa rana da wata, a rage mata shekara biyu ma ta huta. Ina da wanda ya san hanya. Bana dai ta wuce, amma baɗi sai ta shigo da ƙahwar dama."

Wato gaskiyar da aka tabbatar a gabansa ba ta shiga, ƙaryar da za a buga wa tambari ita ce zai yi wa maraba. Zinariya ta ce, "Na gode, Mushe, ba ni so." Muka hau taksi har Wadata. Da ta sauka na hango ta ta shiga shago, ta ajiye koren aljihun a kan tarin yadi, ta zauna a keke.

Ranar Alhamis ban iya cin abinci ba. Ina ta zagaye tsakar gida ina maimaita "uwa ba takarda ba ce," har Priska ta gaji. Ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta fito da wani hoto da ya yi ja don tsufa ta ajiye a kan tabarma.

"Tunda takarda yake so," ta ce, ta koma wajen tukunyarta.

Hoton ajinmu ne na shekarar farko. Muna zaune a gindin gawon nan, na gaba yana riƙe da allo an rubuta 1970 da alli. A bayan hoton mushe ya jera sunayenmu. Ga ni nan a layin gaba kamar ɗan tsako. Ga Illo a layin baya, ya fi kowa tsawo, haƙoran girma sun cika masa baki, a shekarar da katinsa ya ce yana da shekara biyu.

Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina kallon hoton nan ina jin ƙyamar abin da zan yi da shi. Ni ba mai tonon asiri ba ne. Shekara da shekaru na san maganar jujman ɗinsa, ban taɓa kai ta ko'ina ba sai teburin cin abincina. Amma gobe Juma'a, kuma ba ni da wata hujja da ta fi wadda yarinyar nan ta riga ta kawo.

Da hantsi muka isa, saura awa ɗaya a rufe. Akwai iyaye uku a kan benci, ga sakatariya. Na shiga gaba, Zinariya na bayana, na rusuna kaɗan yadda ake yi wa na gaba a garinmu.

"Ina kwana, Yaya."

Bik ɗin hannunsa ya tsaya.

"Yaya Illo, an tashi lahiya? Ya ƙarhin jiki? Ka san mu ƙanne sai mun riƙa leƙo manya."

Sakatariyar ta ɗago kai ta dubi furfurata, ta dubi baƙin gashinsa da ya sha shuni. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Illo ya ce wa sakatariyar ta je ta duba ko an kawo ruwan sha, ya ce wa iyayen su ɗan jira a waje. Da ƙofa ta rufu na ciro hoton na ajiye a kan teburinsa, na juya masa shi daidai.

"Na ce ko in kawo ma Dokta Mariyama ranar Litinin," na ce. "Tana son tarihi. Yaro ɗan shekara biyu da haƙoran girma, ai abin bincike ne."

Ya daɗe yana kallon kansa a layin baya. Na ɗauka zai yi fushi, ko ya ji kunya, ko ya tuna wani abu na gindin gawon nan. Ko ɗaya bai yi ba. Lissafi yake yi, karo na farko a rayuwarsa, kuma ya samu amsa daidai: saura masa shekara huɗu a kujerar nan in an yi shiru, babu ko ɗaya in an yi magana. Ya miƙa hannu ba tare da ya dubi Zinariya ba, ta ba shi koren aljihun.

Ya jawo takardar rajista ya shiga cikewa da kyakkyawan rubutun nan nasa. Suna, sunan uba, garin haihuwa. Da ya zo ranar haihuwa bai ko yi jinkiri ba, ya rubuta 01/01/2002, ya ɗauki regil ya ja layi a ƙasa. Ya juya mata takardar, ya nuna mata inda za ta sa hannu, ƙarƙashin jimlar da ke cewa na tabbatar duk abin da ke sama gaskiya ne.

Zinariya ta karɓi bik, ta karanta, ta tsaya.

"Mushe, wagga rana ba ta yiwuwa."

"Mi kuma?"

"Daga ɗaya zuwa tara ga Janairu, su ne kwanakin da na tabbatar ba a haihe ni ba. Ka sa goma, ko wata rana bayanta. Ko ka rubuta neber yadda take ga takardata."

"Ordinata ba ta cin neber," ya ce. "Goma ga Janairu kuma ina takardarta? Ɗaya ga Janairu kowa ya san ta. Sa hannu, ko ki ba ni bik ɗina."

Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata. Ta juyo ta dube ni. Ba roƙo ba ne a idonta, tambaya ce, irin wadda ɗalibi ke yi wa malamin da ya kafa masa doka. Shekara biyu ina ce mata kada ta rubuta abin da ba za ta iya tsayawa a kansa ba. Ita kaɗai ce a cikin ɗakin nan ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi wa kowa barazana ba. Na dubi agogo, na tuna keken ɗinkin nan da idon uwarta.

"Sa hannu, ɗiyata," na ce.

Ta sa. Illo ya buga tambari, ya hura tawadar, ya yago mata rasit, ya ce, "Egzak." Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan hoton ya ja shi zuwa aljihun teburinsa, na kuwa bar shi ya ja. Tun ranar da na san kaina nake raina Illo, amma ban taɓa jin haushinsa kamar ranar nan ba, da ya sa na yi ciniki da shi a kan farashinsa.

Ta zauna jarrabawar gasa, ta zo ta huɗu cikin ɗari biyu da wani abu. Bayan wata biyu na ji Illo a rediyo yana sake karanta bayanin nan, yana jan numfashi a inda ya saba. Ya ce shaidar cewa manufarsu ba magana ce kawai ba, akwai wata ɗiyar tela daga Wadata, wadda shi da kansa ya gano ta tun ranar da ta shigo bironsa. Priska ta kashe rediyon kafin in jefe shi da takalmi. Ranar sha huɗu ga Mayu kuma aka ce ya yanka gato kamar kullum.

Zinariya ta zo gaishe mu a hutun farko, ta kawo wa Priska zane da ta ɗinka da kanta. Ta ba ni labarin darussansu, ta ce yanzu ta san sunan tambayar nan ta riga sha biyu, kuma ashe manyan masana ma ba su gama da irinta ba. Na ce ta nuna mini katinta na ɗaliba, in ga abin da muka sha wahala a kansa. Ta ciro shi daga jaka ta miƙo, amma ba ta sake shi ba. Babban yatsanta na kan ranar haihuwar, kuma ba ta ɗaga shi ba har na gama dubawa.